Ni Ce Idon Babana a Filin Ƙwallo, Kuma Ni Na Tona Shi

Assalamu alaikum Anti mai shafi, da duk wanda zai tsaya ya karanta wannan. Don Allah a ɓoye sunana da na garinmu, sunayen da za ku gani a ciki ma duk na aro ne. Ina roƙonku kada ku yi saurin zagina, domin na riga na zagi kaina da kalaman da ba na jin za ku iya kawo irinsu. Shawara nake nema, kuma da wuri, don ranar Juma'a mai zuwa bayan la'asar magana za ta ƙare.

Ni budurwa ce, na gama sakandare, ina gaban iyayena a wani ƙauye tsakanin Ɗanbatta da Bici. Kowa ya san ni da baki da gajen haƙuri, Inna takan ce ko tuwo ba na bari ya huce. Babana shi ne kocin ƙungiyar ƙwallon garinmu tun ina goye. Na san wasu za su yi dariya su ce ƙwallon ƙauye har wani abu ne? To a wurinmu abu ne. Ba albashi ake ba koci ba. Al'adar da aka gada ita ce duk damina 'yan wasa su yi wa koci gayya a gonarsa, noman farko da maimai, ladansa ke nan. Wata al'adar kuma, in koci zai sauka, shi yake cire usur daga wuyansa ya rataya wa wanda ya zaɓa a gaban jama'a, kwamiti kuma ba su taɓa ƙin wanda aka rataya wa ba. Koci uku aka taɓa yi. Na farko marigayi Malam Hudu, malamin firamare, shi ya fara tara yara bayan an tashi makaranta, shi ya roƙi mai gari filin. Na biyu wani da ake kira Ɗan Ikko, ya dawo daga Legas da takalmin gudu da faɗa, yana sa mutane zagaye fili har su yi amai, ya ci kofi sau ɗaya, ya yi rigima da kwamiti ya tafi. Na uku Baba. In ka zauna a teburin mai shayi ba abin da ake musu a kai kamar wane ne ya fi a cikinsu. Wasu su ce Malam Hudu ya ba su tarbiyya, wasu su ce Ɗan Ikko ya ba su zuciya, amma har masu ƙin Baba sun yarda cewa a zamaninsa ne aka daina tashi daga wasa da sanduna.

Baba yana da mataimaki, kuma amininsa, zan kira shi Baba Iliya. Kirista ne daga unguwar da ke ƙetaren rafi. Tare suka yi kiwon awaki suna yara, tare suka buga ƙwallo ba takalmi. Da Sallah mu kai musu nama, da Kirsimeti su aiko mana da shinkafa da kaza. Shi yake ɗaukar ragar gola a babur, shi yake ɗaure wa yara ƙafa in sun gurɗe. Kowa ya ɗauka in Baba ya sauka usur a wuyansa zai sauka, shi kuwa bai taɓa nuna yana gaggawa ba.

Shekarar bara waccan idon Baba ya fara lalacewa. Da farko ya ce tsufa ne. Sai ya fara tuntuɓe da turmi a tsakar gida, ya miƙa hannu zai ɗauki buta ya kama iska. Baba Iliya ne ya matsa masa, ya raka shi asibitin ido a Kano, ya shiga har ɗakin likita da shi. Likita ya ce abin da ya tafi ya tafi, maganin ɗigawa zai riƙe ragowar ne kawai. Ragowar kuwa kaɗan ce. Yana gane mutum in ya matso kusa, yana gane hanya don ya haddace ta, amma tsakiyar fili a wurinsa hazo ne da inuwoyi. Da suka dawo ya tara mu, ni da Inna da Baba Iliya, ya ce maganar nan kada ta wuce zaure. Ya ce, "Ku bar ni in ƙara shekara biyu ko uku, yaran nan da na raina su kai inda nake so, sai in sauka da mutuncina." Na san har da gayyar yake tunani, don yayana yana Kudu yana aikin gini, babu wani namiji a gidan da zai riƙe fartanya.

To ni da ma ina sayar da zoɓo da kunun aya a bakin fili, kuma tun ina ƙarama na san ƙwallo fiye da yawancin masu bugawa, a gindin Baba na koya. Sai na mayar da kular zoɓona bayan bencin koci. Ina zaune a 'yar kujera, kaina a sunkuye kamar ina ɗaure leda, ina magana ƙasa-ƙasa. "Baba, sun buɗe hagu." "Na bakwai yana jan ƙafa." "Golansu yana fitowa da yawa." Shi kuma ya miƙe ya faɗa da muryarsa mai kai wa ƙarshen fili. A gida bayan la'asar mu shimfiɗa tabarma, ƙwayar gyaɗa 'yan wasanmu, tsakuwa abokan karawa, yana shafawa da yatsa yana gane kowa, muna musu. Yakan ce, "Uwata, kin cika zafi, ba a cire mutum don ya ɓata ƙwallo ɗaya." Uwata yake ce min don sunan mahaifiyarsa gare ni. Ni kuma in ce, "Baba, tausayinka ne yake ja mana ci." Wallahi ban taɓa jin daɗin rayuwa kamar a kan tabarmar nan ba. Mutane har cewa suke Koci yana da ido a ƙeya. In na ji sai in danne dariya.

Da ranin da ya wuce muka kai wasan ƙarshe a gasar ƙauyuka da aka yi a wajen Bagwai. An dawo daga hutun rabin lokaci babu ci, na ga kyaftin ɗinmu, Garba, ya ƙare, yana tsayawa hannu a ƙugu. Na ce, "Baba, cire Garba." Ya ce, "Kyaftin fa, a wasan ƙarshe, ga iyayensa suna kallo." Na ce, "Cire shi ko mu koma gida hannu rabbana." Har rigarsa na ja ta baya. Ya cire shi ya sa wani sabon ɗan gaba, kuma shi ya ci mana ƙwallon da ta ba mu kofi. Garba ya fito yana cire riga, bai kalli benci ba. Aka ɗaga Baba sama, aka shigo gari da jerin babura, shugaban kwamiti ya yanka rago. Baba ya tashi jawabi, ya gode wa Allah, ya gode wa kwamiti, ya gode wa Baba Iliya, ya gode wa 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Ni ina gefe ina tsince robobin zoɓo. Da muka koma gida na ce, "Baba, ni ko sannu?" Ya ce, "Uwata, in na ambace ki, in ce kin yi me?" Na san gaskiya ya faɗa. Me zai ce? Amma sani daban, zuciya daban. Na kwashe kwanaki ina cika ina batsewa, ina ajiye masa kwano da ƙarfi.

A nan Sadi ya shigo. Sadi shi ne mai nemana, iyaye sun sani, har an fara maganar sa rana bayan kaka. Tsohon ɗan wasan Baba ne, ya yi karatun koyar da wasanni a kwaleji, yana da baki mai daɗi, yana kallon wasannin Turai yana kawo sunayen tsare-tsare da ba wanda ya gane. Na san yana son zama koci, bai taɓa ɓoye min ba. Wata rana ya zo zance da yamma muna zaure, yana cin gyaɗar da na kawo masa, sai ya ce, "Ranki ya daɗe, gaskiya tsohon nan naki sai dai a bar shi. Canjin da ya yi a Bagwai, ko ni ban gani ba. Duk kocin da aka yi a garin nan babu mai idonsa."

Na ce, "Ido? Wane idon?"

Ya daina tauna. Ya ce, "Kamar yaya?"

Anti, a nan ne ya kamata in tashi in shiga gida. Me ya hana ni? So nake mutum ɗaya a duniya ya kalle ni ya ce ashe ke ce. Shi ke nan abin da nake so, ba kuɗi ba, ba kofi ba. Sai na zazzage masa komai, asibiti, tabarma, gyaɗa da tsakuwa, har jan rigar da na yi. Ya riƙe baki yana cewa ashe 'yar koci zai aura kuma kocin kanta. Na ji daɗi, ba zan yi muku ƙarya ba, har cikin raina na ji daɗi. Da zai tafi na ce, "Sadi, amana fa." Ya ce, "Haba, ni da gidanmu?"

Ba a daɗe ba, ranar wani atisaye da jama'a suka cika bakin fili, har 'yan kwamiti sun zo, abin da ba su saba ba. Wasu samari a can ɗaya ƙarshen filin suka ɗaga min hannu wai in kawo zoɓo mai yawa. Na ɗauki kula na tafi. Ina cikin ba su sai na ji muryar Garba daga tsakiyar fili. "Koci, don Allah raba mana gardama. Wace riga ce wannan a hannuna, ja ko fara?" Na juya. Ya ɗaga hannunsa sama, kuma babu komai a hannun. Na saki leda na fara gudu, amma fili ne guda tsakanina da shi. Na ga Baba ya ɗan karkata kai baya, wurin da na saba zama, yana jiran in yi magana. Ya jira. Sannan ya ce, "Ja ce."

Wasu suka yi dariya, gajeriya, sai wuri ya yi tsit. Garba ya ce, "Jama'a kun gani. Mutumin da ya cire ni a wasan ƙarshe ke nan." Baba ya miƙe a hankali, ya kakkaɓe rigarsa. Baba Iliya ya zo ya kama hannunsa, sai Baba ya fizge. A gaban kowa ya ce, "Sake ni, Iliya. Kai kaɗai ka shiga ɗakin likita da ni. Da ka ce min ka gaji da jira, da na ba ka usur ɗin a zaurena." Baba Iliya ya ja da baya. Ni kuma na iso ina haki, na kama hannun Baba, ya ba ni, na ja shi gida ta gaban mutane. Duk hanya yana cewa, "Kada ki yi kuka, Uwata, ba laifinki ba ne, dabara suka yi suka janye ki." Kun ji? Ni yake lallashi.

Abin da ya biyo baya ya fi ranar ciwo. Mutanen da suka ɗaga shi sama su ne suka zauna a teburin mai shayi suna sake lissafin tarihi. Wai Malam Hudu ya kafa, Ɗan Ikko ya ci kofinsa da idonsa biyu, Baba kuwa yaudara ya yi. Wai kofin Bagwai sa'a ce. Wasu suka ce ai Iliya ne yake yin komai, wasu suka ce tun asali ma Baba bai iya ba, yara ne suka yi ƙoƙari. Wani wanda Baba ya biya masa kuɗin ɗaurin karaya da hannunsa shi ne ya ce an daɗe ana tauye matasa. Akwai waɗanda suka tsaya masa, ba zan ci haƙƙinsu ba, wani dattijo ya ce mutumin da ya ci kofi ba ya gani ai shi ya fi duka, a daina maganar banza. Amma babu wanda ya ce 'yar mai zoɓo. Ko da aka tona asirin, hankalin kowa bai kawo ni ba. To me na samu? Na sayar da mutuncin ubana don a ce ashe ke ce, kuma har yau ba a ce ba.

Kwamiti suka aiko cewa Baba ya zaɓi wanda zai gaje shi, tsakanin Baba Iliya da Sadi, su ne suka rage a baki. Suka ba shi lokaci wai don girmamawa.

Na tare Sadi a hanyar injin niƙa. Ban gaishe shi ba. Na ce, "Kai ka faɗa wa Garba." Ya waiga ko akwai mai ji, ya ce, "Sassauta murya. Na faɗa masa ne don a san yadda za a taimaki Baba, ban san haukan da zai yi ba." Na ce, "Su waye suka kira ni ƙarshen fili? Ba abokanka ba ne?" Sai ya canza murya. Ya ce, "Ki yi tunani mana. Baba da ma sauka zai yi. In Iliya ya hau, gayya ta tafi ƙetaren rafi. In ni na hau, gayya tana gida, gonata da ta Baba duk ɗaya ne. Kuma ke ki ci gaba da zama a bayan benci, ni ba zan ɓoye ki ba." Na ce, "Zan faɗa wa Baba." Ya yi murmushi ya ce, "Ki faɗa masa me? Ni a bakin wa na ji? Kanki za ki fara tonawa kafin ki zo kaina." Ya wuce ya bar ni tsaye da ƙullu a ka, ni da ba a taɓa kashe min baki ba. Abin kunyar da ya fi, kuma zan faɗa tunda ba ku san ni ba, har yanzu in na ji ƙarar babur ɗinsa a ƙofar gida gabana yana faɗuwa irin na da. Wace irin zuciya ce wannan?

Ruwa ya sauka, muka yi shuka ni da Inna da 'ya'yan maƙwabta. Gero ya fito, ciyawa ta taso, lokacin noman farko ya yi. 'Yan wasa suka ce su ba su da koci yanzu, sai an naɗa za su san gonar da za su shiga. Baba kuwa kullum da safe sai ya sa in kai shi gona, ya tsuguna ya shafa ƙasa, ya ji yadda ciyawa take cin gero. Ya ɗauki fartanya sau ɗaya, ya sare shuka da yawa tare da ciyawa, na karɓe. Wata safiya na fita da wuri zan yanko wa awaki ciyawa, sai na hango mutane a gonarmu. Baba Iliya ne da 'ya'yansa maza, sun yi nisa, ba waƙa ba kiɗa kamar yadda ake gayya, shiru kamar masu sata. Da ya gan ni ya ɗora yatsa a baki.

Na ƙarasa na durƙusa na gaishe shi. Na ce, "Baba Iliya, bayan abin da ya yi maka?" Ya share gumi ya ce, "Gero bai san an yi faɗa ba, 'yata." Na fara kuka. Na ce, "Ba kai ba ne, na san ba kai ba ne." Ya kalle ni ya daɗe, kallon da ya nuna min ya riga ya gama lissafinsa tuntuni. Ya ce, "Ni na san ban faɗa ba. Innarki ba ta da surutu. Ban tambayi kowa ba, kuma ba zan tambaya ba." Na ce, "To ka bari in je in faɗa masa." Ya ce, "Ni in ya rasa ni, yana da ke. In ya rasa ki, wa zai riƙe masa hannu? Ki bar shi ya ji haushina, na iya ɗauka. Ke dai ki tabbata yana ɗiga maganin nan safe da yamma, don ya iya ƙarya a kan wannan." Ya sunkuya ya ci gaba da noma. Dattijo mai furfura, a gonar mutumin da ya kira shi maci amana a bainar jama'a.

Da rana na kai Baba gonar. Ya taka, ya tsuguna, ya shafa ya ji an nome tas. Ya ce, "Wa ya yi?" Na buɗe baki, sai na tuna yatsan Baba Iliya, na rufe. Shi kuwa ya yi murmushin da rabona da gani tun ranar fili. Ya ce, "Ba sai kin faɗa ba. Sadi ne ya tara yara. Na san yaron nan ɗan halak ne." Da yamma Sadi ya zo, Baba ya fito zaure da kansa ya kama hannunsa da hannu biyu yana sa masa albarka. Ina tsaye a bayan ƙofa ina jiran ya ce ba shi ba ne. Ya ce, "Ai ba komai, Baba, yi wa kai ne."

Ban ci abinci ba ranar. Inna ta dube ni ta ce, "Ke kwana biyun nan bakinki ya mutu, lafiya?" Na ce kaina ke ciwo. Ta ce, "Ciwon kai ba ya hana ki magana, tun kina ƙarama." Ba ta ƙara ba, amma tun daga nan in na shigo ɗaki tana bina da ido. Ban sani ba ko ta gane. Ina jin tsoron ta gane, ina kuma jin haushin ba ta tambaye ni kai tsaye ba, da ta tambaya da na huta.

Baba ya canza. Ya daina sauraron wasa a rediyo. Tabarmar nan ya sa an naɗe. Ya daina bin hanyar rafi, in za mu gona sai mu zagaya. Rannan matar Baba Iliya ta aiko da yakuwa da kuɓewar lambunsu kamar yadda ta saba, ya ce a mayar. Inna ta ce, "Malam, abotar shekara da shekaru fa." Ya ce, "Ita ta sa ya yi zafi. Da Garba ne kaɗai ai yaro ne, zan ce ƙuruciya." Wani lokaci ina jin shi yana magana shi kaɗai, yana lissafa yaran da ya koya wa ƙwallo, wane yana aikin soja, wane yana koyarwa, wane ya rasu, kamar mai kare kansa a gaban alƙali. Sau ɗaya ya tambaye ni, "Uwata, in an zo ba da labarin kocin garin nan, me za a ce a kaina? Makahon da ya ce ja ce?" Na ce, "Za a ce kai ka fi su duka." Ya ce, "Ke 'yata ce, shaidarki ba ta karɓuwa."

Jiya ya kira ni bayan azahar. Ya ciro usur daga aljihu yana gogewa da bakin riga. Ya ce ya yanke shawara, ranar Juma'a Sadi zai rataya wa. Ya ce kuma kafin ya rataya zai yi magana, zai faɗa wa jama'a dalilin da ya sa ya tsallake mataimakinsa, don yara masu tasowa su san ba a ba maci amana jagoranci. Ya ce ya aika wa iyayen Sadi su zo a tsayar da rana da zarar an yi girbi. Na ce, "Baba, ka tabbata Baba Iliya ne? In ba shi ba ne fa?" Ya ce, "To wa? Innarki? Ke?" Ya yi dariya da ya ce ke, dariya ta gaske, kamar ya faɗi abin da ba zai taɓa yiwuwa ba. Sannan ya lalubo hannuna ya riƙe. Ya ce, "A wajen gidan nan mutum ɗaya na yarda da shi, ya ci amanata. Yanzu ke kika rage min. Ranar Juma'a ki sa kayanki masu kyau, ke za ki kai ni."

Anti, ga inda nake. In na yi shiru, mutumin da ya shirya wulaƙanta ubana zai karɓi usur daga hannunsa da albarkarsa, ya karɓi gayya, ya karɓe ni. Za a tozarta Baba Iliya karo na biyu a gaban garin da ya yi wa hidima tun ban zo duniya ba, kuma na san shi, zai sunkuyar da kai ya tafi bai ce uffan ba. In kuma na faɗa, zan tsaya a gaban mutumin da ba ya ganin fuskata sosai in ce masa ni ce, ni da kake kira Uwata, kuma ba don yunwa ba, ba don an tilasta ni ba, don kawai ba ka ce min sannu ba. Likita ya ce a kiyaye masa ɓacin rai. Aurena zai watse, wannan na fara haƙura da shi, ko da yake garin zai ce 'yar Koci ce ta tona ubanta a wurin saurayi, kuma wannan sunan ba ya goguwa. Baba Iliya da kansa ya ce in yi shiru. Amma shi da aka zalunta in ya yafe, ni na kuɓuta ke nan? Na yi tunanin in fara faɗa wa Inna. Na yi tunanin in ce wa Baba Sadi ne kawai in ɓoye kaina, amma tambaya ɗaya zai yi, a ina Sadi ya ji, ƙaryar ta rushe. Na yi alwala na yi niyyar shiga wurin Baba ya fi a ƙirga, in na kai ƙofa na ji yana tari sai in juya.

Don girman Allah masu karatu, musamman iyaye maza da ke da 'ya'ya mata, ku gaya min gaskiya ko da za ta yi ɗaci. In 'yarka ce, za ka so ka ji daga bakinta, ko gara ka mutu ba ka sani ba? Juma'a ta matso, ya riga ya sa Inna ta wanke masa farar rigarsa. Me zan yi?